Marie-Josée Ta Lou da Tarihin Matsayi na Huɗu

A kudancin birnin Abijan, ƙetaren tafkin Ebrié, akwai unguwar Koumassi, can gaba da Treichville da Marcory. A nan Marie-Josée Ta Lou ta fara wasa tana yarinya, kuma ƙwallon ƙafa ce ta ɗauke mata hankali tun farko. An haife ta a garin Bouaflé ranar 18 ga Nuwamba, 1988. Da wata ƙungiyar ƙwallon mata ta nemi ɗaukar ta, yayanta ya ƙi amincewa, sai aka ba da shawarar ta koma tsere, tunda dama tana barin samarin ajinsu a baya. Florence Olonade, tsohuwar zakarar mita 100 ta ƙasar Kodebuwa, ita ta gwada ta a mita 200. Yarinyar ta yi gudun ba takalmi, ta kuma wuce 'yan matan da suka daɗe suna atisaye.

Ba da wuri ta shiga sana'ar ba, domin ta kusa shekara ashirin kafin ta ɗauki gudu da muhimmanci, shekarun da takwarorinta na Jamaika sun riga sun goge a gasar makarantu. Ta samu tallafin karatu zuwa Shanghai a ƙasar Sin, amma haɗa karatu da horo bai yi mata daɗi ba, ta dawo gida. Abin da ya gyara mata hanya shi ne cibiyar horar da 'yan wasa ta Dakar, inda ta zauna ƙarƙashin koci Anthony Koffi. Wannan ba baƙon abu ba ne a Afirka ta Yamma: ƙasa ta haifi ɗan tsere, amma sai ya bar ta kafin ya nuna.

A gasar Olamfik ta Rio a 2016 duniya ta san sunanta. A wasan ƙarshe na mita 100, Elaine Thompson ta Jamaika ta yi daƙiƙa 10.71, Tori Bowie ta Amurka 10.83. Sai allo ya nuna 10.86 a gaban sunaye biyu, Shelly-Ann Fraser-Pryce da Ta Lou. Dokar tsere ba ta duba kai ko hannu ko ƙafa. Gangar jiki ake dubawa, wato lokacin da ƙirji ya isa layin ƙarshe. Da alƙalai suka koma kan hoton na'ura, sai aka ga Fraser-Pryce ta riga ta da abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ba. Ƙiftawar ido ta fi wannan tazara tsawo nesa ba kusa ba. Bajamaikiya ta karɓi tagulla, Ta Lou ta tashi ta huɗu. Bayan 'yan kwanaki ta sake zama ta huɗu a mita 200, da 22.21. A wannan gasar ce Cheick Sallah Cissé ya ciyo wa Kodebuwa zinare a taekwondo, Ruth Gbagbi kuma ta ciyo tagulla, don haka murnar ƙasar ta karkata wani wajen.

Shekara guda bayan haka, a gasar duniya ta Landan, abin ya fi ciwo ko da yake ta samu lambar yabo. Ta Lou ce ke gaba har daf da layi. Bowie ta jefa ƙirjinta gaba da ƙarfin da ya sa ta faɗi ƙasa bayan ta ƙetare, aka ba ta 10.85, Ta Lou 10.86. A mita 200 Dafne Schippers ta Holan ta yi 22.05, ita kuma 22.08. Azurfa biyu ke nan a mako ɗaya, kuma idan aka haɗa tazarar da ta raba ta da zinare biyu, kashi huɗu ne kacal cikin ɗari na daƙiƙa.

A cikin Afirka ba ta da tsara a lokacin. A Asaba ta Najeriya, a gasar nahiyar ta 2018, ta lashe mita 100 da mita 200. A watan Maris na wannan shekarar, a Birmingham, 'yan Kodebuwa biyu suka raba zinare da azurfa na mita 60 a gasar duniya ta cikin ɗaki: Murielle Ahouré ta ɗaya, Ta Lou ta biyu. A Doha a 2019 ta samu tagulla.

Sai Tokyo a 2021, inda 'yan Jamaika uku, Thompson-Herah da Fraser-Pryce da Shericka Jackson, suka kwashe lambobin mita 100 baki ɗaya. Ta huɗu, da 10.91, ita ce dai Ta Lou. Mai nazarin tarihin wasanni ya kamata ya tsaya a nan, domin teburin lambobin yabo yana ɓoye abin da agogo ke bayyanawa. Rashin sa'ar Ta Lou ita ce zamaninta ya zo daidai da ɗaya daga cikin zamunan da suka fi kowanne cika da gwanayen tseren mata. Ranar 10 ga Agusta, 2022, a Monaco, tana da shekara 33, ta yi 10.72, bajintar da babu wata 'yar Afirka da ta taɓa yi. Ko a ranar ma ta uku ta zo, bayan Fraser-Pryce da Jackson. A Budapest a 2023 ta yi 10.81, ta sake tsayawa a matsayi na huɗu.

Ta je Paris a 2024 da sunan aure, Ta Lou-Smith, tana da shekara 35, ta kuma sake kaiwa wasan ƙarshe na mita 100, karo na uku a jere a Olamfik. Rauni ya kama ta a tsakiyar tsere, ta ƙarasa a hankali, ita ce ta ƙarshe. Julien Alfred ta tsibirin Saint Lucia ce ta ɗauki zinare a kan jiƙaƙƙen fili, da daƙiƙa 10.72, daidai da abin da Ta Lou ta yi a Monaco. Sha'Carri Richardson ta samu azurfa da 10.87, wanda bai kai saurin 10.86 ɗin da ya bar Ta Lou hannu rabbana a Rio ba.