Shekara Nawa Baƙo Ke Yi Kafin Ya Zama Ɗan Gari?

Duk lokacin da aka buɗe ɗaukar soja ko ɗan sanda, ko aka fara tantance sababbin ɗalibai a jami'a, sai ka ga iyaye a unguwar nan sun shiga zirga-zirga: gidan mai unguwa, wajen hakimi, sannan sakatariya. Abin da ake nema takarda ce guda, wadda yaranmu ke kira indijin. Wasu gidajen suna samunta ba tare da an kai ruwa rana ba. Wasu kuwa sai a ce wa yaro ya tafi garin kakansa, can Bichi ko Daura ko Gumel, inda bai taɓa kwana ba, inda in ya ambaci sunan kakan ma sai an tara tsofaffi kafin a samu mai tunawa. To, yaya aka yi muka kawo nan? Amsar tana kwance a bakin layin dogo.

Kafin jirgi babu birnin Kafanchan kamar yadda muka san shi. Akwai ƙauyukan Fantswam, waɗanda daga sunansu ne aka samo sunan garin, da maƙwabtansu Kaninkon da Bajju da Kagoro. Akwai kuma masarautar Jama'a, wadda Fulani suka kafa a farkon ƙarni na 19 tana bin Zazzau, amma fadarta ba a nan take ba. Abin da ya juya komai shi ne kwal da kuza. An gano kwal a yankin Enugu a 1909, aka gina Fatakwal don fitar da shi, layin dogo ya haɗa su a 1916. A can tudun Jos kuwa kamfanonin Turawa na haƙar kuza, suna buƙatar kwal don injinansu da hanya mai sauƙi zuwa teku. Sai aka miƙo layin Gabas ta Makurɗi ya nufi Kaduna, aka fitar da reshe zuwa Jos, aka kammala a 1927. Inda reshen ya rabu da uwar layi, nan ne Kafanchan. Ko gadar Binuwai ba a gama ba sai 1932. Kafin nan a kan jirgin ruwa ake tsallakar da taragai.

Mahaɗar jirgi ba ta zama ba mutane. Ana buƙatar masu gyaran inji a loko, da masu zuba kwal, da akawu, da masu duba layi, da leburori. Ibo da Yarabawa da mutanen Kalaba suka zo da takardun makaranta suka kama aikin ofis da na inji. Kakanninmu suka zo ta wata ƙofar: dako, fawa, ɗinki, dillanci, sayar da goro, fataucin citta da doya da shanu, da almajiranci. Wasu daga sansanonin kuza suka gangaro, musamman bayan yaƙin Hitila, lokacin da aka yi abin da tsofaffi ke kira diban gwamna, wato kwasar mutane aikin dole zuwa ma'adinai. Wanda ya tsira da ransa da ɗan kuɗin guzuri, sau da yawa bai koma gida ba, ya tsaya inda kasuwa take. A 1933 aka dawo da fadar Sarkin Jama'a cikin Kafanchan, ita ma ta biyo tasha.

Nan ya kamata mu tsaya mu gaya wa kanmu gaskiya guda biyu. Ta farko, mu da ake yi wa kuɗin goro a ce “Hausawa” ba tushe ɗaya muke ba. Akwai zuriyar mutanen Jama'a waɗanda suka haura shekara 200 a wannan ƙasa, ba su da wani garin da za su nuna. Akwai jikokin waɗanda jirgi ya sauke. Akwai wanda kakarsa 'yar nan ce, aka yi aure, ya tashi da Hausa a baki. Akwai kuma wanda ya zo shekaranjiya da buhun albasa. Gaskiya ta biyu ta fi ɗaci. Maƙwabtanmu ba su manta da hare-haren kama bayi na zamanin da ba, ba su kuma manta cewa Bature ya ɗora hakiman sarki a kansu suna karɓar haraji ba. Idan Bafantswame ya ga an kafa fada a gonar kakansa ba a tambaye shi ba, tsoron da yake ji ba ƙirƙira ba ne. Duk wanda ke son a saurari kukansa game da takarda, dole ya iya sauraron wannan.

Ba mu kaɗai jirgi ya taɓa kwasowa ya ajiye a ƙasar wasu ba. Dubi Amurka lokacin da masana'antunta ke tashi. Tsakanin 1892 da 1954 mutum wajen miliyan 12 suka shiga ta tsibirin Ellis da ke bakin New York, Italiyawa da Yahudawa da 'yan Poland da sauransu, suka cika ma'aikatun ƙarfe da ramukan kwal. An zage su, an ce sun zo ƙwace aiki, an ce addininsu baƙo ne. Amma doka ta buɗe musu ƙofa biyu. Baƙo ya yi shekara 5 a ƙasar, ya je kotu ya yi rantsuwa, ya zama ɗan ƙasa. Ɗan da ya haifa a can kuwa ɗan ƙasa ne tun daga ranar haihuwa, bisa gyara na 14 da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1868.

Kada mu ɗauka ƙofar a buɗe take ga kowa. Sinawa su ne suka fasa duwatsu suka shimfiɗa ɓangaren yamma na dogon da ya ratsa Amurka, wanda aka gama a 1869. Ladansu shi ne dokar 1882 da ta hana leburorinsu shiga, ta kuma hana waɗanda ke ciki zama 'yan ƙasa, ba a soke ta ba sai 1943. Sai da wani ɗan Sinawa haifaffen San Francisco, Wong Kim Ark, ya kai ƙara har Kotun Ƙoli, ta yanke a 1898 cewa haihuwa a ƙasar ta wadatar. Abin da ya fi ban mamaki, 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka tarar, su ne ba a ba dukkansu shaidar zama 'yan ƙasa ba sai 1924. Wannan ɓangaren na labarin shi ne maƙwabtanmu za su fi riƙewa in an ba su, kuma ba za mu ce ba su da hujja ba.

Mu dawo gida. Tsarin mulkin 1999 ya shimfiɗa hanya uku ta zama ɗan Najeriya. Sashe na 25 haihuwa, kuma jini yake bi ba wurin da aka yanke cibiya ba. Sashe na 26 rajista, misali ga matar da ta auri ɗan Najeriya. Sashe na 27 shi ne na baƙo ɗan wata ƙasa: ya zauna shekara 15, ya kasance mai halin kirki, gwamnan jihar ya gamsu cewa mutanen wurin sun karɓe shi, ya yi rantsuwa, Shugaban Ƙasa ya sa hannu. Kun ga ke nan Balabanen da ya buɗe kanti a Kano yana da lissafi, ya san ranar da zai cika sharaɗi.

Shi kuwa ɗan Najeriya da ya bar wata ƙaramar hukuma ya koma wata, ba shi da wannan lissafin. Tsarin mulkin ya ce yana da 'yancin zama ko'ina, ya hana a nuna masa bambanci saboda asalinsa. Amma shi ɗin dai, tun daga na 1979, ya kawo tsarin raba daidai tsakanin jihohi, har sashe na 147 ya ce a ɗauko minista daga kowace jiha kuma ya zama ɗan asalinta. Bai faɗi yadda ake zama ɗan asali ba, bai sa adadin shekaru ba. Aka bar abin a hannun ƙananan hukumomi, kowace da ma'auninta, ma'aunin kuma yakan sauya in shugaba ya sauya. Hukumar raba daidai da aka kafa a 1996 da wannan takardar take aiki. Gurbin karatu, tallafin karatu, aikin gwamnati, duk sai da ita.

A ganinmu wannan giɓin ya ci rayuka fiye da yadda ake lissafawa. Ba mu ce shi kaɗai ne sanadi ba. Rikicin Maris 1987 a Kwalejin Ilimi kan wa'azi ya tashi. Na Zangon Kataf a 1992 kan sauya wa kasuwa wuri ne. Na Mayun 1999 kan miƙa sanda ga sabon Sarkin Jama'a. Na Afrilun 2011 zaɓe ne, wanda kasuwarmu ta ƙone, aka yi asarar rayuka a Zonkwa da Matsirga da cikin garin nan, kowane ɓangare da gawarwakinsa. Amma ka tona ƙarƙashin kowanne, tambayar da za ka tarar ita ce garin na wa. Gwamnatin Ahmed Maƙarfi ta ƙirƙiro masarautu, Fantswam da Kaninkon suka samu nasu sarakunan, hakan ya rage wani tsohon ƙorafi, kuma daidai ne. Sai dai bai amsa tambayar yaron da kakansa ya sauka daga jirgi a 1935 ba.

Wani abin da ba mu cika son a faɗa ba: ma'aunin da muke kuka da shi a nan, shi 'yan'uwanmu ke amfani da shi a can. Ibon da aka haifi ubansa a Sabon Garin Kano, ko Bajjun da ya tashi a Katsina, in ya je neman indijin ai mun san amsar da zai samu. Ibo ma sun riga da yawa daga cikinmu zuwa Kafanchan, 1966 ta kore su, wasu suka dawo bayan yaƙi, har yau baƙi ake ce musu, mu ma haka muke ce musu. Mun kuma ga ƙarshen irin wannan tunani a waje. A 1969 gwamnatin Busia a Gana ta ba baƙi marasa takarda mako 2 su fice, Hausawan zango da Yarabawa da aka haifa a can suka kwaso kaya. A 1983 mu ma muka kori 'yan Gana. A 1980 kuwa har shugaban masu rinjaye na majalisar Borno, Shugaba Darman, aka ɗauka aka tsallakar da shi Chadi wai ba ɗan ƙasa ba ne, sai kotu ce ta dawo da shi.

An yi yunƙurin gyara. Gwamnatin Nasiru El-Rufa'i ta sanar cewa ta soke bambancin ɗan asali da baƙo a Jihar Kaduna, ta kafa hukumar rajistar mazauna jiha, da yawanmu mun karɓi katin. Amma hukumomin tarayya ba su daina tambayar takardar ƙaramar hukuma ba, don haka kati ya zauna a aljihu, zirga-zirga ta ci gaba. A Majalisar Wakilai, mataimakin kakaki Benjamin Kalu ya kawo ƙudurin da zai ba wanda ya yi shekara 10 a jiha matsayin ɗan asali. Suka ta taso masa daga kudu da arewa, ya janye shi a 2025.

Jirgin da ya tara mu ya daɗe da yin sanyi. Loko ta zama kango, ciyawa ta rufe layukan da a da ake jera taragai, ƙananan yara a unguwar nan da yawa ba su taɓa jin usur ɗinsa ba. A shekarar 2027 mahaɗar za ta cika shekara 100. Akwai gidaje a layinmu da suka binne kaka da uba a maƙabartar garin nan, kuma a bana ma an tura ɗansu neman sa hannun wani dagaci a ƙauyen da sai da ya tambayi direba a tasha kafin ya san motar da zai hau.