Aja Kong, yarinyar da aka sayar da zaginta

Mu nan ƙasar kokowa ce, kuma duk shekara idan an zo gasar takobi gari yana tsayawa. Shi ya sa da yawanmu muke raina kokowar "kac" da yara ke kallo a telebijin, tunda an san wanda zai yi nasara tun kafin a shiga fili. Haka ne, amma dukan da ake yi a ciki na gaske ne, karayar ƙashi ma ta gaske ce. Tarihin wata ƴar Japan da ta yi suna a wannan sana'a ya daɗe yana yi mini yawo a rai, musamman saboda yadda ya fara a makaranta.

An haifi Erika Shishido a 1970 a Tachikawa, gefen birnin Tokyo. Mahaifiyarta ƴar Japan ce, mahaifinta kuwa baƙar fata ne ɗan Amurka da ke aikin soja a can. Tana ƙarama ya bar su, uwar ta riƙe ta ita kaɗai. A ƙasar da kusan kowa kamarsa ɗaya, yarinya mai duhun fata kuma babu uba a gida ta sha tsangwama wajen ƴan ajinsu. Duk malamin da ya taɓa riƙe aji ya san irin wannan yaro, wanda ake yi wa dariya a ƙasa-ƙasa idan malam ya juya ga allo.

A lokacin, ƴan matan Japan sun haukace a kan ƴan kokowa biyu da ake kira Crush Gals, Chigusa Nagayo da Lioness Asuka. Erika ta so ta zama kamar Nagayo, wadda ake so ana yi mata tafi. A 1986, tana kusan shekara 16, ta shiga kamfanin kokowar mata na All Japan Women. Dokokinsa masu tsanani ne: ba giya, ba taba, ba saurayi, kuma idan mace ta kai wajen shekara 25 sai ta yi ritaya.

Sai dai kamfanin ya sa ta a ɓangaren mugaye, cikin ƙungiyar Dump Matsumoto, waɗanda aikinsu shi ne jama'a su tsane su. Daga baya aka san ta da sunan Aja Kong, ta shafa fenti a fuska, tana shiga fili da gwangwanin ƙarfe mai cin lita 18 tana kwaɗa wa abokan karawa. A ganina an ɗauki abin da ake zagin ta da shi a makaranta ne aka mayar da shi hajar kasuwa, kuma ban ga yadda za a wanke kamfanin daga wannan ba, ko da ita ta ci riba daga baya.

Ta kuwa ci. A Nuwamba 1990 ta kara da Bull Nakano cikin kejin ƙarfe, inda Nakano ta diro mata daga saman kejin, wasan da har yau ake maganarsa. A farkon 1991 aka aske mata kai a gaban jama'a bayan ita da Bison Kimura sun faɗi a wasan da aka sa gashi a caca. Sai a Nuwamba 1992 ta kayar da Nakano ta karɓi babban kambun kamfanin, ta riƙe shi har Maris 1995, lokacin da Manami Toyota ta ƙwace. A ƙarshen wannan shekarar ta je Amurka, a gasar Survivor Series, ta fitar da abokan karawarta huɗu ita kaɗai.

Kamfanin ya shiga matsalar kuɗi a 1997, ta bar shi ta taimaka aka kafa wani sabo mai suna Arsion. All Japan Women ya rufe a 2005. Ita da aka ƙayyade wa ritaya a shekara 25, ta haura 50 tana shiga fili, da gwangwaninta a hannu.