Me ya sa sabis yake isowa garinmu a makare?

Duk wanda ya bar Kano ko Kaduna ya nufi gida hutun Sallah ya san inda abin yake sauyawa. Ana cikin tafiya sai alamar 4G da ke saman waya ta koma H, can gaba ta koma E, saƙon WhatsApp ya tsaya da ɗan agogonsa. A garinmu kowa ya san wuraren da sabis yake zama: bakin tasha, bayan makarantar firamare, da wani tudu da samari suke hawa da yamma kamar masu duban wata. In ka tambaya, amsar ɗaya ce shekara da shekaru: an ce za a kawo. Wannan jira yana da tarihi, kuma ya girmi wayar hannu.

Kalmar waya kanta daga zaren ƙarfen tangaraho muka samo ta, wanda Turawan mulkin mallaka suka jawo daga bakin teku zuwa Arewa domin haɗa barikokinsu. Layin dogo ya bi sawu: ya iso Kano a 1911, Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, amma Maiduguri sai 1964. Tsarin a bayyane yake. Abu yana farawa daga Legas, ya bi inda gwamnati take da ofis ko inda ake da gyaɗa da audugar ɗauka, sauran garuruwa su jira. Kamfanin NITEL, da aka kafa a 1985, wannan taswira ya gada. Zuwa ƙarshen shekarun 1990, layukan waya masu aiki a duk ƙasar ba su kai rabin miliyan ba, ga jama'a fiye da miliyan 100. Wayar girke ta ofis ce da gidan manya.

A Janairun 2001 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ƙarƙashin Ernest Ndukwe, ta yi gwanjon lasisin GSM a kan dala miliyan 285 kowane ɗaya. MTN da Econet suka fara aiki a watan Agustan shekarar, daga Legas da Abuja da Fatakwal. Layi kaɗai ya haura naira dubu goma nesa ba kusa ba, kira kuma naira 50 a minti, ko da sallama kawai ka yi ka kashe. Sai da Globacom ya shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa sannan farashi ya fara sauka. Ina yaro a lokacin, kuma abin da na fi tunawa shi ne ranar da aka fara haɗa ƙarfen sabis a bakin garinmu. Mun bar wasa mun je kallo, dattawa suna gardama a kan ko zai jawo tsawa. Ba a daɗe ba masu lema suka cika bakin kasuwa da teburinsu da wayarsu, kana biya a kira maka ɗan'uwanka da ke ci-rani.

Wannan zango na farko ya yi saurin yaɗuwa, har ya sa muka ɗauka kowane sabon ci gaba haka zai zo. Dalilin saurin shi ne murya ba ta da nauyi. Ƙarfe ɗaya mai aiki da zangon 900MHz yana iya ɗaukar gari da ƙauyukan kewayensa, kuma yana miƙa kiran ga ƙarfen da ke gaba ta iska, ta waɗannan abubuwa masu kama da ganga da ake ɗaurawa a jikinsa. Data ba haka take ba. Bidiyo ɗaya ya fi dogon kira nauyi, kuma gangar nan tana da iyakar abin da za ta iya ɗauka. Domin 4G ya amsa sunansa, ana so a jawo igiyar faiba ta ƙarƙashin ƙasa har gindin ƙarfen, ko kusa da shi. Shi ya sa za ka ga waya ta nuna 4G da sanduna cike, amma hoto ya ƙi buɗewa: famfon sabo ne, bututun da ke kawo masa ruwa ne siriri.

An sayar da lasisin 3G a 2007 kan dala miliyan 150 ga kamfanoni huɗu, ciki har da Alheri na rukunin Ɗangote, wanda Etisalat ya saye daga baya. Zuwa 2010 manyan igiyoyin ƙarƙashin teku guda biyu, MainOne da Glo-1, sun sauka a Legas, wasu suka biyo baya a 2012. Intanet ta yi araha a bakin teku. Matsalar ita ce hauro da ita kilomita dubu zuwa Arewa, sannan a rarraba ta daga babban birnin jiha zuwa ƙananan hukumomi.

A nan gwamnatocin jihohi suke da nasu kason na laifi, kuma ba a cika faɗa ba. Duk kamfanin da zai haƙa gefen titi ya binne faiba sai ya biya kuɗin izinin haƙa. A 2013 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta amince da naira 145 a kowace mita, amma jihohi da yawa suka ci gaba da karɓar dubbai, suna kallon abin a matsayin hanyar samun kuɗin shiga. Yi lissafi: garin da ke kilomita 50 daga babban titi yana buƙatar mita 50,000. A farashin da aka amince, izinin bai kai naira miliyan takwas ba. In jiha ta ce naira dubu huɗu, ya zama miliyan 200 kafin a sari ƙasa ko sau ɗaya. Sai a 2020, lokacin annobar korona, bayan matsin lambar ministan sadarwa Isa Ali Pantami, wasu jihohi suka sauko, Kaduna ma ta yafe kuɗin gaba ɗaya. An yi asarar shekara bakwai, kuma cikinsu ne manyan kamfanoni suka ƙaddamar da 4G a 2016.

Bayan faiba akwai wuta. Mafi yawan ƙarafan sabis da janareta suke aiki dare da rana, dizal kuma a mota ake kai shi. Kamfanin da ke zaune yana tsara inda zai kashe kuɗin bana yana auna abu biyu ne: nawa ƙarfen zai ci, nawa mutanen wurin za su saya na kati da data. Garin da yawancin mutanensa ke riƙe da ƙaramar waya mai madannai ba ya ba da riba ga sabon injin 4G, su kuma mutanen ba su ga dalilin sayen babbar waya ba tunda babu sabis ɗin da za ta yi aiki da shi. Kowa yana jiran kowa. Dokar sadarwa ta 2003 ta hango wannan, ta tanadi asusun USPF domin tallafa wa wuraren da kasuwa ba za ta je da kanta ba. An yi ayyuka da shi, amma giɓin ya fi ƙarfin asusun.

Arewa tana da ƙarin nauyin da Kudu ba ta ɗauka irinsa ba. A Satumban 2012 'yan Boko Haram suka ƙona ƙarafan sabis a garuruwa da dama na Arewa maso Gabas da Kano. A Mayun 2013, da aka kafa dokar ta-ɓaci, sojoji suka sa aka katse layuka a Borno da Yobe da Adamawa. A Satumban 2021 aka maimaita a Zamfara saboda 'yan bindiga, sannan a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Mutane suka riƙa shiga mota su tafi wata jiha domin kira ɗaya ko tura kuɗi. Ana iya muhawara a kan ko matakin ya taimaka wa tsaro. Ni ban ga hujjar da ta gamsar da ni ba. Abin da ba a muhawara a kansa shi ne injiniya ba ya zuwa gyara inda ake sace mutane a hanya, kuma ƙarfen da ya mutu a irin wannan wuri yakan daɗe a mace.

A Disambar 2021, Zamfara tana farfaɗowa daga rufewar, aka yi gwanjon 5G a Abuja, MTN da Mafab suka biya dala miliyan 273.6 kowanne. MTN ya fara a 2022 da birane bakwai, Kano da Maiduguri na ciki. Zangon 3.5GHz da ake amfani da shi ba ya tafiya nesa, yana son ƙarafa kusa da kusa da faiba a gindin kowanne, don haka ƙaramin gari ba ya ma cikin lissafinsa a yanzu.

A 2005 rashin sabis takura ce kawai. Ka ba direba wasiƙa, ta isa. Yau hukuma ta riga sabis isa garuruwan. Tun 2015 jarrabawar JAMB a kwamfuta ake yin ta. Tun ƙarshen 2020 aka wajabta haɗa layi da lambar NIN. A farkon 2023, da sauyin fasalin naira ya janye takardun kuɗi daga hannun jama'a, an ce kowa ya koma tura kuɗi ta waya, kuma a kasuwannin ƙauye an ga mai POS yana ɗaga na'urarsa sama yana juyawa, mai awaki yana riƙe da igiyarsa ya ƙi saki sai ya ga saƙon banki. Ma'aikacin da aka tura ƙaramar hukuma, likita ne ko malami, yana sa sabis cikin abin da zai duba kafin ya yarda ya zauna.

Gwamnati mai ci ta yi alkawarin shimfiɗa faiba mai tsawon kilomita 90,000, ta kuma sa kayan sadarwa cikin muhimman kadarorin ƙasa a 2024, domin masu aikin titi da ɓarayi suna yawan tsinka igiyoyin da ake da su. A Janairun 2025 NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100, bisa sharaɗin a inganta aiki. Ƙarin ya iso garinmu lokaci ɗaya da Legas. Da na je gida a bana, na tarar an yi wa tudun nan benci, wani yaro kuma ya kafa teburin cajin waya a gindinsa.