Jiniyar Kamfani da Kuɗin Haya: Da Wane Kuɗi Aka Gina Gidajen Hayar Kumbotso?



Kafin jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ba a cika gina gida don karɓar kuɗin wata ba. Baƙon da ya zo fatauci wurin fatoma yake sauka, a Fagge ko cikin Birni, a ba shi ɗaki da wurin ajiye kaya, a nemo masa mai saye. Ribar maigida tana cikin la'ada, ɗakin kuwa ƙugiya ce ta kama ciniki. Haya irin wadda muka sani albashi ne ya haife ta. Da aka yanka Sabon Gari, akawu da ma'aikacin reluwe suka fara biyan kuɗin ɗaki a ƙarshen wata, domin a ƙarshen wata ake biyansu.

Ita Kumbotso sai daga baya abin ya iso ta. Bompai ce ta fara tara masana'antu tun ƙarshen zamanin Turawa. Bayan an ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, kuɗin fetur ya shigo a shekarun 1970, aka buɗe Sharaɗa da Challawa: masaƙu, kamfanonin jima, na roba, na alewa. Lebura da zai kama aikin safe ba zai kwana nesa da jiniya ba. Nan gonakin Panshekara da Sheka da maƙwabtansu suka fara komawa fulotai, mafi yawa awon igiya. Ginin ma kusan iri ɗaya ne: ɗakuna a jere suna kallon juna, rijiya a tsakar gida, banɗaki ɗaya a ƙurya.

To da wane kuɗi aka yi wannan ginin? Ba na banki ba ne, kuma akwai dalili. Dokar ƙasa ta 1978, wadda gwamnatin Obasanjo ta kafa, ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, shi ke ba da takardar mallaka, galibi ta shekara 99. Banki wannan takardar yake riƙewa kafin ya ba da rance. Mai fulotin awon igiya kuwa abin da ke hannunsa takardar ciniki ce da sa hannun mai unguwa da shaidu. A unguwa tana da ƙarfi, a gaban manaja ba ta da shi. Bankin ba da lamunin gidaje na tarayya ya samu a 1977, aka kafa asusun gidaje na ƙasa a 1992, ana cire kashi 2.5 na albashi, a ba da rance a kan ruwa kashi 6. Amma wannan don gidan da mutum zai zauna ne, kuma ya fi dacewa da mai albashi a rubuce. Ga kuma batun riba, wanda ya sa da yawa ko ƙofar ba su ƙwanƙwasa ba.

Saboda haka jama'a suka yi da abin da ke hannunsu. Kwasar adashi ta sayi bulo, kuɗin sallama ya yi rufi, gado ya sayi fili, ɗan kasuwar Kwari ya mai da ribar azumi siminti. A gama ɗaki biyu a sa mutane, a karɓi hayar shekara a gaba, a tayar da na uku. Gidan yakan ci shekaru kafin ya kammala, sai dai babu mai bin sa bashi. Mata ma sun shiga ciki sosai, da kuɗin sarƙa da na kiwo, ko da yake sau da yawa sunan miji ko ɗa ne a takardar.

Akwai kuma jingina, wadda har yau take raye. Mai gida ya karɓi dunƙulen kuɗi, wanda ya bayar ya shiga gidan ba haya, sai ranar da aka mayar masa da kuɗinsa. Malamai da yawa suna ƙyamarta, domin bashi ne da ya jawo amfani. Ni kuma abin da nake ƙarawa shi ne, a zamanin da naira ke narkewa, wanda ya ba da kuɗin yakan karɓi adadinsu bayan shekara biyar, ba darajarsu ba.

Jarrabawar farko ta zo a 1986, lokacin da Babangida ya kawo tsarin SAP. Naira ta faɗi, kayan gyaran injina suka yi tsada, wutar NEPA ta zama abin da ta zama, daga baya atamfar Sin ta cika Kwari. Kamfanoni suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ɗakunan ba su zama kango ba, tunda mutane ƙaruwa suke yi, amma mai zama a ciki ya canza. Ma'aikaci mai albashi ya koma ɗan acaɓa ko mai tireda, wanda samunsa na yini ne. Da aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a Kano a Janairun 2013, masu gidaje ma sun ji a jikinsu, ko da ba su taɓa hawa babur ba.

Yau an samu ƙofar da iyayenmu ba su samu ba. Jaiz ya fara aiki a 2012 da rassa a Abuja, Kaduna da Kano, wasu bankunan da ba ruwa suka biyo baya, da tsarin murabaha da ijara. Amma su ma takarda suke nema, kuma ribarsu ba ta nisa da farashin kasuwa. A ƙarshen 2024 Babban Banki ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5. A ce ka ranto naira miliyan 10 a kan kashi 30: miliyan 3 ke nan a shekara kafin ka taɓa uwar kuɗi. Wane gidan miliyan 10 ne a Panshekara yake ba da hayar miliyan 3? Ga siminti da ya haura naira 10,000 a wasu wurare a farkon 2024, ga kason dillali, ga yashe masai.

Yanzu dillalai Zawaciki suke nuna wa mutane, saboda tashar tsandauri ta Dala da Buhari ya buɗe a Janairun 2023. A ganina tasha ba masaƙa ba ce. Kaya take tarawa fiye da mutane, don haka mai kuɗin adashi da ke hangen can ya fi kyau ya lissafa sito ko shago kafin ɗakunan kwana, ya kuma je KANGIS ya bincika fulotin kafin ya biya kafin alƙalami.