Asalin Gawa Mai Tafiya a Sinimar Amurka

Daga ƙasar Haiti kalmar "zombi" ta shiga sinima. A can, ma'anarta ita ce mamacin da boka ya tasa daga kabari domin ya yi masa bauta a gonar rake. Watau fargabar bawa ce, kada mutuwa ma ta kasa 'yanta shi. Sojan Amurka sun mamaye Haiti daga 1915 zuwa 1934, a cikin wannan zamani kuwa aka yi fim ɗin White Zombie a 1932.

George Romero ne ya sauya al'amarin a 1968 da Night of the Living Dead, wanda aka ɗauka kusa da Pittsburgh a kan kimanin dala 114,000. Gawawwakinsa ba su da ubangida, naman mutane kawai suke nema. Jarumin labarin baƙar fata ne, Duane Jones ya fito a matsayinsa: ya tsira daga matattu dare guda cur, da gari ya waye sai Turawa masu farautar gawawwakin suka harbe shi. A shekarar nan aka kashe Martin Luther King, saboda haka masu sha'awar fim ɗin da yawa suka ɗauke shi zambo ga wariyar launin fata. Romero kuwa cewa ya yi Jones ya fi sauran iya wasa, shi ya sa ya zaɓe shi.