Bustar birki

Bustar birki na'ura ce da ke ninka ƙarfin ƙafar direba idan ya taka birki. Kamar tukunyar ƙarfe take, baƙa a yawancin motoci, kuma tana maƙale a bangon da ya raba wurin injin da mazaunin direba, tsakanin fedar birki da masta, wato silindar da ke tura man birki zuwa tayoyi. Idan ta lalace birki ba ya ɓacewa gaba ɗaya, amma feda na yin tauri kuma mota na cin tazara mai tsawo kafin ta tsaya.

Tarihi

An fara ƙera irin wannan na'ura a shekarun 1920. A Beljiyam, injiniya Albert Dewandre ya fito da nasa samfurin, wanda kamfanin Bosch na Jamus ya riƙa ƙerawa. A Amurka kuma Caleb Bragg da Victor Kliesrath suka yi nasu, daga baya kamfanin Bendix ya saye shi. Bustar ta yaɗu bayan zuwan birki mai faifai, domin yana buƙatar matsi fiye da birki mai ganga.

Yadda take aiki

A cikin tukunyar akwai faifan roba da ya raba ta gida biyu. Injin fetur yana zuƙe iskar ɓangarorin biyu ta wani tiyo da ya fito daga manifol. Idan aka taka feda, bawul yana buɗewa iskar waje ta shiga ɓangaren baya kawai. Bambancin matsin ne ke tura faifan gaba, shi kuma ya tura sandar da ke shiga masta. Injin dizal ba ya samar da isasshiyar zuƙa, don haka ake sa masa famfo na musamman. A bakin tiyon akwai bawul mai hanya ɗaya da ke riƙe zuƙar, shi ya sa ake samun taku biyu ko uku masu taushi bayan injin ya mutu.

Alamun lalacewa

Manyan alamun su ne taurin feda, ƙarar fitar iska a ƙarƙashin sitiyari, da kakkarwar injin ko mutuwarsa idan an taka birki. Ana gwada ta cikin sauƙi: a kashe mota, a tattaka feda har ta yi tauri, a riƙe ta a take, sannan a tayar da injin. Idan bustar na da lafiya fedar za ta ɗan nutsa. Kafin a yanke hukunci ana duba tiyo da bawul ɗinsa, domin tsagewar tiyo na ba da alamu iri ɗaya kuma gyaransa ya fi araha.

Sauyawa a gida

A tsofaffin motoci, irin Peugeot 504 da a da aka daɗe ana haɗawa a Kaduna, wurin injin na da sarari, kuma sifanoni na yau da kullum sun isa aikin. Ana ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, a sa wa tayoyi waigi, a cire wayar batir. Daga nan a zare tiyo, a kwance notin da ke riƙe masta. A wasu motoci ana iya janye masta gaba ba tare da kwance bututun mai ba. A ƙarƙashin sitiyari ana cire fil ɗin da ya haɗa sandar bustar da feda, a kwance notin bango, waɗanda galibi huɗu ne, sai a zaro ta ta wajen injin.

Idan aka tarar da man birki a cikin tsohuwar, masta ce ke yoyo ta baya, kuma dole a sauya ta ita ma, in ba haka ba man zai cinye robar sabuwar. Bustar da aka ciro daga wata tsohuwar mota kan zo da robar da ta riga ta bushe.

Tsawon sanda

Nan ne aka fi yin kuskure. Sandar da ke shiga masta tana da ma'auni, kuma a motoci da yawa ana daidaita ta da hannu. Idan ta yi tsawo, tana toshe ƙofar da mai ke komawa tankinsa, sai birki ya riƙa kamawa, ya yi zafi, har tayoyi su cije ana cikin tafiya. Idan ta yi gajarta, feda na nutsawa da nisa kafin birki ya kama. Ana auna sabuwar da tsohuwar, a kuma bi ma'aunin da ke littafin motar.

Bayan ɗaurawa

Idan an kwance bututun mai, sai an fitar da iskar da ta shiga layin, ana amfani da irin man da aka rubuta a murfin tanki, kamar DOT 3 ko DOT 4. Man birki na cin fenti, yana kuma jan laima idan an bar shi a buɗe. Ana tabbatar da fil ɗin feda ya kulle kuma fitilar birki na kamawa, sannan a gwada motar a hankali a wurin da babu jama'a. Idan feda ta yi laushi ko tana nutsawa ƙasa, ba a hawa titi da motar sai bakanike ya duba ta.