Tsutsar da ke Fito: Tarihin Yadda Aka Gano Kukan Kare Kai na Tsutsotsi

Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako ga waɗanda datarsu ba ta kai su saurari murya ba.

Yau kan tsutsa za mu yi magana, irin wadda ke rikiɗa ta zama malam-buɗe-littafi. Akwai waɗanda in ka taɓa su sai su yi ƙara: wata ta yi ƙas-ƙas, wata ta yi fito kamar yaro. Me ya sa? Kuma yaya za ka gane wacce ce wacce? Sai da masana suka shafe fiye da shekara ɗari kafin su kai ga amsa.

Mu fara daga 1867. A shekarar ne Charles Darwin, a Ingila, ya rasa gane dalilin da ya sa wasu tsutsotsi ke da launi mai ɗaukar ido, alhali tsuntsaye na farautarsu. Ai hankali zai ce su ɓuya. Sai ya rubuta wa Alfred Russel Wallace wasiƙa. Wallace ya ce launin gargaɗi ne: tsutsar da ba ta ciyuwa tana tallata kanta, don tsuntsun da ya taɓa ɗanɗana ta ya tuna, ya ƙyale ta tun kafin ya kai mata baki. John Jenner Weir ya gwada wannan da tsuntsayen da yake kiwo, ya fitar da sakamakonsa a 1869, kuma maganar Wallace ta tabbata. A 1890 Edward Poulton na Jami'ar Oxford ya rubuta littafi kan launukan dabbobi, ya ba wa wannan dabara suna a kimiyyance.

To, kun ga duk hankali ya tafi kan abin da ido ke gani. Kunne fa? Masu tara ƙwari sun daɗe suna lura cewa wasu tsutsotsi na ƙara, har wani masani ɗan Finlan, Harry Federley, ya yi rubutu kan batun a 1905. Amma na'urar da za ta naɗi ƙaramin sauti irin wannan, ta kuma nuna da wace gaɓa ake yin sa, ba ta zo ba sai daga baya.

Aikin ya yi gaba sosai a ɗakin binciken Farfesa Jayne Yack na Jami'ar Carleton da ke Ottawa, Kanada. A 2007 suka wallafa bincike kan tsutsar Antheraea polyphemus ta Arewacin Amurka, koriya shar, mai ƙiba. In aka matse ta, sai ta riƙa goga muƙamuƙanta suna ƙas-ƙas, daga nan ta amayar da wani ruwa da maƙiyanta ba sa so. Wato ƙarar sanarwa ce: ka matsa, ko ka sha abin da ba ka so. Maganar Wallace ce dai, sai dai ta kunne.

A 2011 Veronica Bura da abokan aikinta suka zo da labarin da ya fi ba mutane mamaki. Tsutsar Amorpha juglandis, wadda ke cin ganyen bishiyar walnut, fito take yi. Ku sani, tsutsa ba ta numfashi da baki. Tana da ƙananan ƙofofi jere a gefen jikinta. Masu binciken suka riƙa toshe ƙofofin bibbiyu da roba, har suka gano cewa ta biyun da ke can kusa da wutsiya iskar ke fita in ta takure jikinta. Da suka haɗa ta da wasu ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari, da ta yi fito sai tsuntsun ya firgita ya ja da baya. Wannan ba amai take yi ba, razana kawai take bayarwa.

A 2016 suka gwada nau'i 61 daga babban dangin da ya haɗa tsutsar siliki da 'yan uwanta, suka samu kusan kashi ɗaya cikin uku na yin ƙara. Suka kasa sautukan gida huɗu, kuma wannan rabon shi ne mabuɗin ganewa. Na farko ƙas-ƙas na muƙamuƙi. Na biyu wani ɗan tsiwa-tsiwa, shi ma daga gugar muƙamuƙi, kamar na Saturnia pyri ta Turai mai ɗigo-ɗigo shuɗi a jiki. Na uku fito ta ƙofofin numfashi. Na huɗu ƙarar da ke fitowa ta baki, kamar ta Amphion floridensis, wadda binciken 2018 ya nuna iska take turawa ta maƙogwaronta, tamkar butar shayi in ruwa ya tafasa.

Yanzu mu dawo gida. Akwai ɗaya a wannan dangi da Afirka ce mazauninta, wato Acherontia atropos, wadda daga nan take ƙaura zuwa Turai. Babbar tana da wani zane a baya mai kama da ƙoƙon kan mutum, tana shiga amya ta sha zuma, kuma in an kama ta tana ƙara kamar ɓera. A Turai an daɗe ana camfa ta da mutuwa. Linnaeus da ya raɗa mata suna a 1758 ma, sunan wata gunkiyar Girkawa mai yanke zaren rai ya ba ta. Tsutsarta kuwa tana iya kai santimita 12, galibi ruwan ɗorawa ko koriya da ratsi-ratsi a karkace, wani lokaci ruwan ƙasa, da ɗan lanƙwasasshen ƙaho a wutsiya. Tana son ganyen dankalin Turawa da danginsa. In an dame ta, tana buga muƙamuƙi ƙas-ƙas. Ƙahon nan ba ƙari ba ne irin na kunama, ba ya harbi.

To in ka ci karo da tsutsa mai ƙara a gona ko a bayan gida, ga abin dubawa. Wane ganye take ci? Yawancinsu ba sa barin tsironsu, don haka tsiron ma shaida ne. Tana da ƙaho a wutsiya? Daga kai ƙarar ke fitowa, ko sai ta takure jiki? Ta yi amai bayan ƙarar? Ka ɗauki hoto daga sama da gefe, ka naɗi sautin da wayarka. Mai gashi kuwa, irin gizaka, kada ka taɓa da hannu, don gashin wasu na sa ƙaiƙayi da borin jini.

Abin da ya sa wannan ya shafe mu shi ne, abin da mutum bai sani ba yakan kashe shi don tsoro, ko ya ɗauko maganin feshi ya yi wa gona wanka saboda tsutsa ɗaya, ya hallaka har da ƙudan zumar da ke yi masa barbarar amfani. Wadda ke ƙara ba aljana ba ce, ranta take karewa.

Wanda ya taɓa jin irin wannan ƙara a garinsu, ya gaya mana a wane tsiro ya gan ta. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.